Yadda Muka Ƙwato Gonar Taubashiyata

A shekarar da yayana ya gama karatu a Kano, ya dawo Kura ya buɗe ɗan shago a jikin wani injin casar shinkafa. Kwamfutoci uku ya zuba, yana buga wa mutane takardu. Daga janareton masu injin yake jan wuta, don haka in an daina casa, shagonsa ma ya tsaya. Ina 'yar shekara goma sha biyu a lokacin, wajen ƙarshen shekarun dubu biyu, intanet bai daɗe da iso mana ba.

Ranar Alhamis ba Islamiyya, sai ya bar ni na zauna a kwamfutar da ke lungu. Tare muke zuwa da taubashiyata, 'yar kawuna na Bunkure, wadda take zaune a gidanmu saboda makaranta. Akwai wani wasan yara da muka samu, kowa a ba shi gona ya yi shuka, ya yi kiwo, ya yi musaya da wasu yaran da ba mu san ko a ina suke ba. Ni tawa gonar a hargitse take. Ita kuwa ta yanka tata fadama-fadama kamar ta babanta, ga tumatir ga albasa, har da garken shanu da ta yi watanni tana tarawa.

Wata Alhamis ina taya Yaya jera takardu, saƙo ya shigo mata da Turanci. Mai saƙon ya ce shi ma'aikacin wasan ne, gonarta ta zo ta ɗaya, ta turo kalmar sirrinta a zuba mata kyauta. Ta tura, ba ta gaya wa kowa ba, wai tana so ta ba ni mamaki.

Da mako ya zagayo, gonar ta ƙi buɗuwa. Taubashiyata ta sake buga kalmar sirrin, ta sake, sannan ta kifa kai a kan tebur.

"Wa kika ba kalmar sirrinki?" in ji Yaya.

Ta faɗa masa tana shessheƙa. Ya girgiza kai ya ce, "Ɓarawo ne. Masu wasan ba sa tambayar wannan. Yi haƙuri, wasa ne, sai ki buɗe wata."

"Yaya, ba wata take so ba," na ce. "Tata take so."

Ya koma wajen wani manomi da ke jiran takardarsa, ni kuma na ja kujera. Turancina bai taka kara ya karya ba, amma na bi rubutun da ke kan allon layi-layi da yatsa, har na ga wani ƙarami a ƙasa, na wanda ya manta kalmarsa. Da na danna, sai tambaya ta fito. Nan na tuna ranar da muka buɗe gonakin an sa kowa ya zaɓi tambayar da shi kaɗai ya san amsarta. Ita ta zaɓi sunan tsokanar da kakarmu ke kiranta da shi, sunan da ta tsana, wanda ba ya fita daga zauren gidanmu.

"Rubuta," na ce.

"Ke, a gaban mutane?"

"To kare da mayafinki."

Ta kare, ta rubuta. Allon ya yi ta juyi, wutar ta ɗan yi ƙasa saboda an zuba sabon buhu a inji. Sai ga gonar. Ɓarawon ya kwashe rabin shanun, amma shukar na nan. Taubashiyata ta ƙanƙame ni har kujerar ta kusa kifewa. Yaya ya bar manomin ya zo ya tsaya a kanmu.

"Maza ku canza kalmar," ya ce. "Ku haɗa harafi da lamba, kada ku sa sunan kowa."

Kafin mu tashi na buɗe tawa gonar, sai ga irin saƙon nan ya shigo mini ni ma, daga mutumin nan dai. Na so na zage shi tas, Yaya ya hana. Ya nuna mini inda ake kai ƙara, na faɗa da Hausa yana mayarwa Turanci, muka haɗa da saƙonnin biyu muka tura. Sauran yaran da ke zuwa shagon na bi su ɗaya bayan ɗaya na gaya musu, ashe ya rubuta wa da yawa, wani ma har ya fara buga amsa. Kowa ya kai tasa ƙarar.

Alhamis ta gaba muka nemi sunansa a wasan, aka ce an rufe shi. Taubashiyata ta miƙe ta taka rawa a tsakiyar shagon, mata masu jiran shinkafarsu suna leƙowa suna tambayar ko jarrabawa ta ci. A hanyar gida muka bi ta bakin kwalbati, ta saya mana rake, muka zauna muna sha muna jefa ɓawon a ruwa har aka kira la'asar.