Hancin Mai Jan Baƙi

A unguwarsu a Birnin Kebbi, in ka tambayi Malam Hodi sai a ce maka wanne, mai inji ko mai jan baƙi? Kuma mutum ɗaya ne. Yawancin shekara yana tsaye a injin casar shinkafa, yana karɓar buhunan da ake kawowa daga fadamar Zauro, ƙaiƙayi na tashi yana zauna masa a gira da gemu. In azumi ya kama kuwa, sai ya yi wanka kafin la'asar, ya sa farar riga, ya je masallacin unguwa ya zauna gefen Malam Muhammad Sani. Shi ke karanto aya, Malam ya fassara wa jama'a. Haka suke tun Hodi bai da furfura ko ɗaya.

Hancinsa kuwa ya girmi wannan zama. Tun yana saurayi a Argungu, garin da aka haife shi, wata mura ta kama shi ta ƙi tafiya. Ba ciwo ne mai kwantar da mutum ba, har a zo dubiya. Toshewa ce kawai, da yoyon ruwa, da barci a jingine baki buɗe, mutum ya tashi maƙogwaro a bushe kamar ya haɗiyi dusa. Yayarsa Laure, da ke bandar kifi can Argungu, ba abin da ba ta aiko ba: man shanu a ɗiga, saiwa a shaƙa, turare a lulluɓa. Daga baya ya gano 'yar kwalbar kemis da ake ɗigawa a hanci. Ɗigo biyu, hanya ta buɗe. Bayan ɗan lokaci ta sake rufewa, fiye da da. Sai ya zama akwai kwalba a aljihu, akwai a ƙarƙashin matashi, akwai a saman injin.

Matarsa Rauda takan ce, "Malam, kai da kwalbar ga ban san wa ka riƙe da wani ba."

Shi dai sai ya sheƙa. Amsa ma numfashi take ci.

To, amma da azumi ba ya ɗigawa da rana, don abin da ya bi ta hanci ya sauka maƙogwaro yana ɓata azumi. Tafsiri kuma bayan la'asar ake yi, lokacin da hancin ya gama rufewa ruf. Ke nan duk shekarun nan mutanen unguwa ba su taɓa jin karatun Hodi da buɗaɗɗen hanci ba. Da baki yake shaƙar iska, da shi kuma yake karatu, saboda haka ba ya iya jan aya mai tsawo. Sai ya ja kalma uku ko huɗu ya tsaya, Malam ya fassara, shi kuma ya samu ya sheƙa. Ba wanda ya taɓa cewa komai.

Sai bara, da Mujtaba ɗan ƙanen Malam ya dawo daga karatu. Yaro ne mai ladabi, ba a raina masa. Ranar rufe tafsiri ya tari Hodi a bakin masallaci, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba Hodi, don Allah kar ka ji haushi. Gunnarka ba ta hita."

"Mi ab ba ya hita?"

"Gunna, Baba. Wannan ɗan amon da mim da nun ka yi ta hanci. Naka mim yana komawa ba, nun yana komawa da. Mutanen kwamitin masallaci sun yi magana. Sun ce baɗi ko a hutar da kai."

Hodi ya san gunna tun ba a haifi Mujtaba ba. Ya buɗe baki zai faɗi haka, sai ya ji yadda sunan yaron zai fito daga bakinsa, ya fasa. Ya sa takalmi ya tafi gida.

A hutar da shi. Ya daɗe yana juya maganar. Gajiya kam ya gaji, har cikin ƙashi. Amma wannan buzun na gefen Malam shi kaɗai ne wurin da yake zama ba ƙaiƙayi a jikinsa.

Rauda ce ta matsa masa, da watan Rajab ya tsaya, suka je asibiti wurin likitan hanci da kunne, wani Bayarabe mai suna Babatunde da ya daɗe a garin har Hausarsa ta kama harshen Kabi. Ya zura 'yar fitila ya duba, ya girgiza kai.

"Baba, naman cikin hancinka ya kumbura ya cika hanya. Ƙurar inji ta fara, kwalbar ga ta ƙarasa. Ba ni ita."

"Likita, da mi zan kwana?"

"Da haƙuri, da maganin da zan ba ka. In bai yi ba, akwai wani ɗan ƙarfe siriri awa tsinken tsintsiya. Mu kashe wurin da magani, mu sa shi, ya ɗan ɗumama naman daga ciki ya motse. Ba yanka, ba kwanciya. Ranar za ka koma gida."

Hodi ya dube shi. "Sakiya ke nan."

Likita ya yi dariya. "Sakiyar da ba hayaƙi. Amma ban yi maka alkawarin har abada ba. In ka koma inji ba ka rufe hanci ba, zai dawo."

"Gunna hwa? Za ta hito?"

"Wace ce Gunna?"

Rauda ta rufe baki da mayafi.

Maganin bai wadatar ba, aka yi aikin. Abin da Hodi ya fi tunawa shi ne ɗacin audugar da aka cusa masa, da yadda haƙoransa na sama suka zama kamar na aro. Makonnin da suka biyo baya sun fi aikin wuya: ɓawo, da majina mai jini-jini, da wanke hanci da ruwan gishiri safe da yamma, hannunsa na ta lalubar aljihun da babu kwalba. Ya ce wa Rauda an cuce shi. Sai wata safiya cikin Sha'aban, yana alwala, ya shaƙa ruwa ya ji sanyinsa ya wuce har tsakar ka. Ya zauna a kan turmi, ya rufe baki, ya ja mim. Amon ya kaɗa masa karan hanci. Rauda ta leƙo daga madafa ta ce, "Wa ka nan?"

Da labarin aikin ya kai musu, kwamiti suka ce to, a ji shi ranar farko, sannan a yanke.

Ranar ɗaya ga azumi masallaci ya cika har waje. Mujtaba na sahun gaba. Hodi ya yi bismilla, ya cika ƙirji da iskar da bai taɓa samu ba a wannan zama, ya ja. Ya wuce inda ya saba tsayawa, ya wuce na biyu, gunna na fita tas, bai tsaya ba sai ƙarshen aya. Wani tsoho a baya ya yi kabbara. Mujtaba ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Malam Muhammad Sani ya fara fassara. Ya kawo farkon ayar daidai, ya kai tsakiya, sai ya yi shiru. Ya gyara rawani. Ya koma farko, ya sake isowa wuri ɗaya, ya tsaya. Ya kai littafin da ke gabansa kusa da fuska, ya dawo da shi. Hodi, da ke kusa da shi har gwiwarsu na taɓa juna, ya ga yatsan Malam na yawo a kan shafin, ba a layin da ake ba. Sai a lokacin ya gane. Idon Malam ya daɗe da daina ganin rubutu, kuma kansa ba ya riƙe doguwar aya. Kalma uku-huɗun nan da toshewar hanci ta tilasta wa Hodi, su ne daidai abin da tsohon ke iya ɗauka.

Wani ya yi tari.

Hodi ya koma tsakiyar ayar, ya ja kalma uku, ya tsaya, ya sheƙa da baki yadda ya saba, ko da yake iska na nan fal a ƙirjinsa. Malam ya kama, ya fassara, muryarsa ta dawo. Haka suka tafi har aka shafa addu'a.

Da mutane suka watse, shugaban kwamiti ya matso. Ya ce gunna kam ta fito, ba mai musu, amma da alama numfashin bai dawo duka ba, ko Mujtaba ya riƙa karɓarsa? Mujtaba ne ya dubi baffansa, ya dubi Hodi, ya ce shi bana yana da karatun yara da yamma, ba zai samu ba.

Malam ya miƙa hannu Hodi ya tashe shi. Suna tafiya a hankali zuwa ƙofa, tsohon ya ce ƙasa-ƙasa, "Hodi, hancin ga naka ya warke da gaske?"

"Ya warke, Allah shi gafarta Malam."

"To, madalla. Gobe ma ka ja mini gajere-gajere."

"In Allah ya so."

Ya raka shi har zaure, sannan ya juya gida, ƙafafunsa sun yi nauyi, ga ƙishirwa, rana kuma da sauranta.