Yaya da Sitiyarin Tsohuwar Motata

Yayana bakanike ne, ya yi shekara hamsin da ɗoriya a ƙarƙashin motocin mutane. Bai yi arziki ba, bai kuma taɓa roƙon kowa ba. Taurin kai gare shi, ba ya fara'a sai mota ta tashi. Da hannunsa ya kafa gareji, rumfar kwano da rami guda, ya koya wa babban ɗansa sana'ar. Ɗan nan yanzu Injiniya ake ce masa, don ya sayi na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta.

Yanar ido ta rufe wa Yaya ido ɗaya, ɗayan ma ya soma dushewa. Wata rana ya manta bai ɗaure notin taya ba, tayar ta fice tun motar ba ta bar bakin gareji ba. Daga ranar Injiniya ya ajiye masa benci a ƙofa, ya ce ya huta ya riƙa amsa gaisuwa. Ban ga laifin Injiniya gaba ɗaya ba. Amma wata shida a bencin nan sun tsufar da Yaya fiye da shekara goma.

Ina da tsohuwar mota wadda ta girmi Injiniya, na saye ta tun ina buga tafireta a ofis. Sandar sitiyarinta ta cinye, sai ka juya hannu sosai kafin taya ta ji. Injiniya ya samo wata sandar daga jikin wata mota da ta mutu, ƙanwar tawa a ƙira, ya ɗaura. Sai sitiyarina ya ƙi shiga bakinta. Babba ne, siriri, baƙi, da zoben hon a tsakiya. Injiniya ya ce zaɓi biyu ne: ko a sa ɗan ƙaramin sitiyarin roba da ya zo da sandar, ko a dake nawa da guduma a bi shi da walda.

Yaya yana jin mu daga ƙofa. Ya taso da laluben bango, ya sa farcen babban yatsa yana bin haƙoran bakin sandar ɗaya bayan ɗaya, ya koma kan ramin sitiyarin. Ya ce sanda haƙora arba'in, sitiyari talatin da shida. In aka daka, haƙoran za su murje, waldar kuma ranar da za ta saki ba za ta yi sallama ba.

Injiniya ya ce, "Baba, ka koma ka zauna, za mu san yadda za mu yi."

Na ce, "Motar ta waye?"

"Taki ce, Gwaggo."

"To ubanka zai yi aikin."

Ya ce ba a garejinsa ba, in wani abu ya faru sunansa ne zai ɓaci. Na ce a tura mini ita gida. Haka aka tura ta layi uku, ina ciki, ina tuƙi da filaya da Yaya ya damƙe a bakin sandar, mutane suna tsayawa kallo. Yaya ya biyo baya rungume da akwatin sifanunsa, ya hana kowa ya karɓa.

Kwana huɗu muka yi. Dabararsa ita ce ya cire cibiyar ƙarfen ƙaramin sitiyarin, mai haƙora arba'in, ya dasa ta a nawa. Ƙusoshi shida ya huda ya fitar, ya yi ta gogar bakin ramin da magagari yana shafawa da yatsa. Ni ce idonsa. Na karanta masa lambar sifana, na yi rarrafe neman notin da ya faɗi, da gwiwoyina na 'yar shekara saba'in. Mun yi faɗa ba adadi. Ya ce ban san hagu da dama ba, na ce shi da ko fuskata ba ya gani ya rage baki. Duk notin da ya ɗaure sai ya sa ni in shafa masa alli, ya sake bi da sifana yana ƙirga. Bai faɗi dalili ba, ban tambaya ba.

Da sitiyarin ya zauna, bai matse babban notin gaba ɗaya ba. Ya shiga gefena ya ce in bi miƙaƙƙiyar hanya a hankali. Motar tana tafiya daidai, amma da ya ɗora tafinsa a kan sitiyarin ya ji ya karkata hagu. Ya ce haƙori ɗaya ne, kuma kuskurensa ne. Muka tsaya, ya zare, ya matsar, ya mayar, sannan ya ɗaure har jijiyar wuyansa ta fito.

Washegari Injiniya ya zo. Ya kama sitiyarin ya jijjiga da iyakar ƙarfinsa, ya danna hon, ya zaga unguwa sau biyu. Da ya fito ya ce aiki ya yi kyau, amma maganar gareji tana nan yadda take. Ya miƙa hannu zai ɗauki akwatin ya sa a motarsa.

Yaya ya ɗora ƙafa a kai. "Bar shi nan. Ka gaida masu gaisuwa."

Yanzu tsofaffin motoci uku ne a ƙofar gidana, na mutanen da aka ce wa nasu sun wuce gyara. Yaya yakan yi sati a kan abin da wani zai gama a yini, wani aikin ma yakan ce ya fi ƙarfin idonsa, a kai wa ɗansa. Maƙwabta sun zo ƙorafin baƙin mai da ƙarar guduma. Na ce su kai ƙara duk inda suka ga dama.