Ƙahon ranar Lahadi

Bayan yaƙi, da muka dawo Fatakwal, motoci suka cika gari, haɗari ya yi yawa, asibiti kuma kullum kukan jini yake. Da yake ni na iya boko, dattawan unguwarmu Borokiri suka ɗora mini aikin rubuta sunayen masu son ba da jini. Kowace Juma'a ina kafa tebur a ƙofar masallaci da littafi da biro. Mutanenmu kuwa, mutum ya gwammace ya ba ka rigar wuyansa da ya ba da jininsa. Sai su gaishe ni da kyau, su sa mini albarka, su wuce.

Cikin 'yan kaɗan da suka tsaya akwai wani tsoho mai sayar da albasa. Yana haya a gidan wata mata 'yar garin, wadda ta ɓoye shi a ɗakin kifinta lokacin rikici har ya samu hanyar Arewa. Yanzu tana kwance, za a yi mata aiki a ciki, irin jininta kuma yana wuyar samu. Aka gwada nasa, ya yi daidai. Aka ce ya zo Litinin da safe.

Ranar Lahadi na wuce rumfar wanzami, na gan shi zaune ba riga, ƙahoni jere a bayansa har wuya. Na ce, "Baba, sannu da hutawa." Ya ce, "Yauwa, malam." Ƙaho ai abin yau da kullum ne, ban kawo komai a raina ba, na wuce.

Litinin na raka shi asibiti don in yi tafinta. Nas ta ga tsaga ɗanya a wuyansa, ta ɗaga rigar, ta tambayi wanda ya yi masa haka. Ya yi mata bayani yana murmushi: mataccen jinin ya sa aka cire, don kada a ba baiwar Allah sai mai kyau.

"Na clean one remain, madam," in ji shi da Turancin buroka, wato mai tsabtar ne ya rage.

Ta soke masa yatsa, ta duba, ta ce jininsa ya yi ƙasa, in aka ɗiba, shi ma sai an kwantar da shi. Ta ce ya dawo bayan wata guda. Na juya masa maganar da Hausa. Ya roƙa, ya rantse ƙalau yake, ta girgiza kai.

Aka ɗage aikin ana neman wani mai irin jinin. Matar ba ta kai watan ba.

Da wata ya cika ya zo, ya ci hanta da zogale har ya murmure. Aka ɗibi kwalba guda, bai tambayi wa za a ba ba. Ni dai kunya ta hana ni kallon fuskarsa. Muna fita ya tsaya yana gyara hannun riga, ya ce a hankali, "Malam, ai ka gan ni ranar nan. Da ka faɗa mini."