Geron Hajiya da dinyoyin Amurka

Hajiya ta riga ta kwance bakin leda ta watsa gero sau biyu kafin ma'aikaciyar gandun dabbobi ta iso da gudu, hularta a hannu.

Hajiya surukata ce, ta zo daga Katsina jegon 'yarta. Ta yi bakance cewa in an sauka lafiya za ta ciyar da tsuntsaye, shi ya sa na kai ta gandun dabbobin da ke kusa da mu a garin Alexandria, nan Amurka. Sanyi ya wuce, itatuwa sun yi fure, kwaɗi na ta kuka, dinyoyi na yawo da 'ya'yansu.

Ma'aikaciyar ta yi bayani cikin ladabi, ni kuma na fassara.

"Hajiya, ta ce an hana. Wai zai ɓata musu ciki."

"Malam, geron da na raini matarka da shi ne zai ɓata wa agwagwa ciki? Tambaye ta, wa yake ba su abinci?"

"Ta ce da kansu suke nema."

"To ita aikinta hana su ci ke nan? Har da albashi?"

Wannan ban fassara ba.

A hanyar komawa mun wuce mutane marasa matsuguni kwance a ƙarƙashin gada. Hajiya ta leƙa ta ce su ba ta ga mai hular da ke tsaron cikinsu ba.

A bayan gida ta zuba geron. Kafin tsuntsu ɗaya ya sauko, kurege ya cinye shi tas.

Jibi za ta koma Katsina, hankalinta bai kwanta ba. Malamai, bakancen ya sauka, ko mu sake sayo gero?