Alhajin Aro a Baima

Shekara biyu cur na yi ina Alhaji, alhali ko hula ban taɓa gwadawa ba.

Babanmu ɗan kasuwar Kwari ne, kayan yara yake sarowa daga wani shago a Guangzhou. Da ya rasu ya bar mu 'ya'ya mata biyar, ni ce babba, da na'urar fakis ɗaya, da damin takardu masu sunansa a sama. A ƙarƙashin sunan an buga da Turanci wai shi da 'ya'yansa maza, ko da yake namiji ko ɗaya Allah bai ba shi ba. Mai buga takardun ne ya ce hakan ya fi kwarjini. Sati uku da rasuwar, fakis ya shigo daga Sin ana tambayar kayan Sallah. Na ji tsoro in na ce ya rasu, kuma mace ce ta gaje shi, za su juya mana baya, shagon da muke ci da shi ya mutu. Sai na ɗauki biro na kwaikwayi sa hannunsa. Daga ranar na zama Alhaji.

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma tawa ta daɗe tana furen. Sai ƙarshen shekarun casa'in suka aiko cewa sun koma sabon shago a kasuwar Baima, suna so Alhaji ya zo da kansa ya ga sababbin samfura. Ba yadda na iya, na yanki tikiti.

Na sauka a unguwar Xiaobei ta Guangzhou, lokacin baƙar fata ba su yi yawa ba, kana iya ƙirga masu jin Hausa da yatsu. A cikinsu akwai wani dattijo ɗan zangon Kumasi mai loda wa mutane kaya a jirgin ruwa. Yana da tumbi da furfura da tafiyar ƙasaita, duk abin da ake nema a Alhaji. Na zayyana masa matsalata, ya yi dariya har da tari.

"Hajiya, ni kontena na sani, ban san riga ba."

"Baba, ba sai ka san komai ba. Ka zauna ka yi ta magana da Hausa, ni ce mai fassara."

"To shi Alhajin na ainihi, ba su san fuskarsa ba?" ya ce, ya riga ya fara shiga rigar.

Na ce masa tun zuwan Babanmu na ƙarshe shekaru sun ja, kuma ai ana cewa duk kamarmu ɗaya a idonsu. Wannan wautar tawa ce, ban ɗora wa kowa ba.

Ana gobe za mu tafi, ruwa ya tsare ni a masauki da rana, na kunna talabijin. Wani fim ɗinsu ake yi, wata mace ta ɗaure gashi ta rataya takobi, kowa yana ce mata ɗan'uwa. Ni da na tashi a kan finafinan Indiya na san wannan wasan, yarinya ta manna gashin baki uwar da ta haife ta ma ta kasa gane ta. Na yi tsaki na ce wane sakarai ne zai ruɗu da wannan murya. Ban ankara cewa gara ita ba, ko takobi tana da shi.

Da hantsi muka hau tasi zuwa Baima, kusa da tashar jirgin ƙasa. Dattijon ya sha babbar riga mai aska biyu da ya aro a wurin wani Bazabarme, ni kuma na bi shi a baya da jakarsa kamar mai biyayya. A shagon wani siririn mutum mai tabarau ya tare mu da nihau, gaisuwarsu, ya miƙa katinsa da hannu biyu, aka ce shi ne lawban, wato maigida. Wata mata gajera mai gajeren gashi tana zuba shayi a 'yan kofuna kamar na wasan yara. Ta ce ita matarsa ce, ita ke fassara domin ba ya jin Turanci.

Aka zauna ciniki. Alhajin aro ya gyara murya ya ce da Hausa, "Wannan shayi ba sukari ba madara, kamar ruwan wankin ganye." Na juya na ce, "Alhaji ya ce maɓallan bara sun yi saurin cirewa." Mai tabarau ya yi wata doguwar magana yana nuna fanka, matar ta ce, "Lawban ya ce an canza mai kawo maɓallan." Tun a nan na ɗan tsargu, don ban ga abin da ya haɗa fanka da maɓalli ba. Haka muka yi kusan rabin awa, maza biyu suna murmushi suna kaɗa kai, mu kuma muna ta fassara abin da ba wanda ya faɗa.

Sai ta ɗauko wata rigar 'yan mata ja mai tattara ta ajiye gaban Alhaji. Ya ɗaga ta sama ya kalli gabanta, ya shafa furen da ke ƙirji, ya ce da Turanci da kansa, "Mai kyau ƙwarai." Raina ya ɓaci. Wa ya taɓa sayen riga daga gaba? Ban san lokacin da na fizge ta ba. Na juya cikinta waje, na ja ɗinkin hammata da yatsu biyu, ya buɗe baki. Na jiƙa farin hankici da ragowar shayina na goga a bakin rigar, ya fito jawur. Haka Baba ya koya mini tun ina tsaye a kan benci kafin in kai tsayin kantar shago.

"Wannan meyo," na ce, domin kalmar babu kaɗai na riƙe a yarensu. "Ɗinki ɗaya ne, kuma rini yana zuba."

Na ga na tona kaina, hankicin yana hannuna.

Matar ta ajiye butar shayi. Ta dube ni ta ce a hankali, "Yaushe ya rasu?"

Na ce shekara biyu. Karon farko ke nan da na faɗe shi ga wanda na ɓoye wa, kuma hawaye suka zo ba sallama. Ta jawo aljihun tebur ta fito da wani hoto da ya fara dafewa: mu biyar ne ranar wata Sallah, Baba a tsakiya. Ta ɗora yatsa a kaina. Ta ce shi ya ba ta, ya kuma ce babbar ta fi shi ido. Ta ce duk takardar da ya aiko sai ya tambayi lafiyar 'yarta a ƙasa, da tambayar ta ɗauke ta san abin da ya faru. Ba ta ce komai ba don ta ga kamar ban shirya faɗa ba. Rigar ma da gangan ta sa aka ɗinka ta haka, tana so ta ga hannun da zai juya ta.

Na ce, "To shi lawban fa?"

Ta yi dariya ta buɗe jakar hannunta ta nuna mini jan hatimin shagon. Ta ce mijinta malamin lissafi ne, ranar da baƙi za su zo kawai take aro shi, don wasu 'yan kasuwa ba sa sakin jiki sai sun ga namiji a kujera. Baba ya gane tun zuwansa na farko, da ita yake magana kai tsaye. Ashe tabarmar kunya biyu muka shimfiɗa a ɗaki ɗaya.

Dattijon Kumasi ya cire hula ya yi fifita da ita. "Alhamdu lillahi, Hajiya. To a tambaya mini ko suna da sukari."

Aka ba shi sukari, aka ba shi nakatayal, maɗaurin wuyan Turawa, da aka tanada wa Alhaji don cika wasa, ya ɗaura shi a kan babbar riga shi da malamin lissafi suna ta dariya ba mai jin yaren wani. Ita kuma ta jawo kujera kusa da tawa, muka juya riguna ɗaya bayan ɗaya har azahar. Da muka gama ta buga hatiminta a takardar oda, ta turo mini da biro.

Hannuna ya fara zana harafin farko na sunan Baba, don ya saba. Ta sa yatsa ta rufe wurin, ta nuna mini layin ƙasa. Na rubuta sunana, ya fito a karkace kamar na 'yar aji ɗaya, ta ɗaga takardar tana gwada karanta shi har sau uku kafin ta faɗe shi daidai.