Mai Ƙwan Zabi a Tseren Tudun Kaya

Duk wanda ya kalli keken Malam Shitu, kariyar baya ta ɗora kaya yake fara gani, don ta sha walda har ta zama kamar ƙaramin gado. Ba kowa ke lura da sirdin ba. Shekara tara ke nan da sayen keken a gwanjo, mai giya da kaurin taya, amma fatar sirdin ko koɗewa ba ta yi ba, alhali sau huɗu ana canza feda. Dalili kuwa, Malam Shitu ba ya zama. A tsaye yake tuƙi, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, su ke shanye gargadar hanya kafin ta kai ga kayan da ke bayansa.

Kayan nan ƙwan zabi ne. Shekara ashirin da shida yana bin rugage da ƙauyuka tsakanin Tudun Kaya da Ruwan Bago, yana karɓar ƙwai a hannun mata, ya jera a kwando cikin ƙaiƙayi, ya kai kasuwar Karaye. In damina ta ɗauke zabi suka daina saka, sai ya koma na kaji. A duk shekarun nan sau ɗaya kwandonsa ya taɓa kifewa, a daminar da ta wuce, a gangaren wani rafi. Ya dawo gida da kurjewar kafaɗa da riga duk gwaiduwa, ya ce wa matarsa Lami gaɓar rafin ce ta rufta da shi.

Lami ta kira ɗansu na fari a waya. Bahauddeen ma'aikacin jinya ne a Kano. Sati biyu bayan nan ya iso da sabon babur, ya kafe shi a zaure.

"Baba, ka ajiye keken nan. Shekara hamsin da huɗu ba wasa ba ce. Faɗuwar nan jiki ne yake yi maka magana."

Malam Shitu bai taɓa kiran sunan ɗan farinsa ba, Likita yake ce masa. "Likita, wannan abin naka in na ɗora masa ƙwai, waina zan kai kasuwa."

"To ka bar ƙwan. Ga gona nan."

"In bar ƙwan."

Ya maimaita maganar a hankali, kamar wanda aka ce ya bar sunansa. Wata biyu babur yana zaure, kaji suna kwana a kansa, uba da ɗa suna gaisawa a waya sama-sama. Daga ƙarshe Malam Shitu ne ya kawo mafita da bakinsa. Tseren kaka ya kusa. Zai shiga, Likita ya bi shi a baya da babur ɗinsa. In ƙafarsa ta taɓa ƙasa ko sau ɗaya tsakanin tashi da gamawa, keke ya zama na rataye a ɗaki. In ba ta taɓa ba, kada wanda ya sake yi masa zancen.

Tseren nan Ɗantala mai gyaran keke ne ya ƙirƙiro shi shekara huɗu da suka wuce, da samarin da ke zama a rumfarsa suna kallon irinsa a waya. Ƙasar ba ta da manyan duwatsu, amma tana da kwazazzabai, da tudun marmara, da rairayin rafi mai cinye taya. Ɗantala ya haɗa su ya fitar da zagaye na kilomita goma sha takwas, yana ɗaure tsumman atamfa a jikin itatuwa don nuna hanya. Wanda ya zo na ɗaya yana samun taya biyu sababbi da ƙaramin kofi. Malam Shitu ya shiga sau uku. Bai taɓa cin kofi ba, bai kuma taɓa zama na ƙarshe ba.

Ranar Asabar da hantsi mutum ashirin da uku suka jeru a filin firamare. Har daga Rogo da Falgore an zo, wasu da hular kwano, wasu da rigar ƙwallo. Malam Shitu ya cusa ƙafar wandonsa cikin safa, ya durƙusa ya ɗan sace iskar tayoyinsa.

Sabi'u, wanda ya ci na bara, ya leƙo. "Baba mai ƙwai, mu muna ƙara iska kai kana ragewa? Ko a ba ka aron famfo?"

"Riƙe abinka, ɗana. Mu haɗu a rafi."

"Kariyar fa? A cire ta mana, nauyi ne."

"Ta girme ka a kan hanyar nan. Ka gaishe ta."

Aka yi dariya. Ɗantala ya busa usur.

Samarin suka fita kamar an kore su. Malam Shitu ya bar su da ƙurarsu, ya kama tafiyarsa ta kullum, yana jin ƙarar babur a bayansa. Hanyar ta ratsa tsakanin gonakin gyaɗa inda mata ke tsinka, suna ɗaga masa hannu. Ya san kowace saiwa, ya san ramin da amalanken shanu ya haƙa bara. A tudun marmara ya tarar da mutum huɗu suna tura kekunansu, ya wuce su yana yi musu sannu da aiki. Kwazazzabo na farko ya sauka ya fita ba tare da ya taɓa birkin gaba ba.

Abin da bai yi lissafi da shi ba shi ne burtali. Ɗantala ya sanar da makiyaya tun Laraba, amma saƙon bai kai rugar Muhammadu ba. Da Malam Shitu ya karyo kwana, sai ya ga shanu sun cika hanya, farare, ƙaho ya haɗu da ƙaho, suna tsallakawa zuwa mashaya a natse. Na gaba duk sun sauka, har da Sabi'u, suna tsaye suna tsaki. Dama da hagu shingen ƙaya ne. Ba wurin juyawa.

Babur ya tsaya a bayansa. "Baba, wannan ba ya cikin lissafi," in ji Bahauddeen. "Sauka kawai, na yafe."

"Ban tambaye ka yafiya ba."

Ya karkatar da tayar gaba zuwa ɗan tudun gefen hanya, ya matse birki, ya daidaita feda biyu, ya tsaya cak. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinsa. Mai ɗauke da ƙwai ɗari uku ba ya sauke ƙafa, don keke yana karkata kwando ya karkata, don haka tun yana saurayi ya koyi jiran shanu a sama. Sai dai rabonsa da yi tun kafin faɗuwar. Kuma akwai abin da shi kaɗai ya sani: gaɓar rafin nan ba ta rufta ba. Jiri ne ya ɗebe shi, ya ga itatuwa suna juyawa, sai ya tsinci kansa a ƙasa.

Ya kafa idonsa a kan wani kututture. Keke ya ɗan yi gaba, ya ɗan yi baya, kamar mai numfashi. Shanu goma suka wuce, ashirin. Ya jira itatuwa su fara juyawa. Ba su juya ba.

Muhammadu ya hango shi, ya taho da sandarsa a wuya, suka gaisa da Fillanci: gida, yara, shanu, har da gajiya, Malam Shitu yana amsawa ido a kan kututture. Makiyayin ya miƙo hannu zai tallafe masa kan keke.

"Kada ka taɓa ni, Muhammadu! Kora mini waccan kawai."

Wata maraƙa ce ta baro garke ta zo tana shinshina kariya, ƙila ƙanshin ƙaiƙayi ta ji. Muhammadu ya yi mata tsawa ɗaya, ta bi uwarta. Samarin sun daina tsaki. Wani ya ciro waya yana ɗauka. Da saniyar ƙarshe ta wuce, kafin su gama ɗora ƙafa a feda, Malam Shitu ya saki birki ya shige gabansu.

Ba su bar shi a gaba ba, ƙarfi ba ɗaya ba ne. Amma a rairayin rafi tayoyinsu masu tauri suka nutse, nasa masu laushi suka bi ta sama. Ya wuce Sabi'u yana jan keke.

"Famfon yana nan, ɗana?"

Babur ma a nan ya kafe. Bahauddeen ya tsaya cikin yashi har idon sawu, yana kallon bayan mahaifinsa yana hawa gaɓa, yana sama-sama a kan feda, har ya ɓace a bayan dawa.

Na bakwai ya zo. Sai da ya wuce igiyar da Ɗantala ya shimfiɗa, ya tabbata kowa yana kallo, sannan ya sauke ƙafar dama. Bahauddeen ya iso bayan kusan rabin sa'a, wando duk yashi. Bai tambayi kowa komai ba. Ya durƙusa ya ce, "Sannu, Baba. Magana ta ƙare."

Malam Shitu ya sha ruwa, ya goge baki. Ya ja ɗansa gefe, inda samari ba za su ji ba.

"Keke nawa ne, an gama wannan. Amma abin nan naka na awon jini da kake naɗa wa mutane a damtse, ka zo da shi Juma'a. Ranar da na faɗi, ba gaɓa ba ce."

Bahauddeen ya ɗago ya dube shi. "To, Baba. Juma'a."

Da ya isa gida Lami ta riga ta ji labari a bakin maƙwabta. Ta ce masa barka, ta ajiye masa fura, ta kuma faɗa masa garin tuwo ya ƙare. Bayan la'asar Malam Shitu ya ɗaure buhun dawa a bayan keke, ya kai niƙa.