Badon da ke Ƙarƙashin Rijiyar Kaka

Abin da na fara gani da na shiga ɗakin gwajin su Yaya Rabi a jami'a shi ne tsohuwar robar manjanmu ta gida, a kan teburi, cike da baƙar laka. Daga gindin rijiyar Kaka aka kwaso lakar bara, lokacin da aka ƙara mata zurfi. A gajiye na taso daga makaranta, amma Yaya ta ce sai na zo na gani da idona.

Muna ƙanana, a gidanmu na Ƙofar Guga, Kaka kan zauna bakin murhu bayan magariba tana jiran tuwo ya sulala, mu kuma mu kewaye ta. Ni gefen buhun gawayi nake raɓewa. Ina dai kallon yadda take tura itace da babban yatsan ƙafarta.

Tatsuniya guda ta fi so. Wai nan inda muke zaune a da tafki ne, bado ya lulluɓe shi. Ran nan wata mata ta zo ta tsoma tukunyar miya ba ta yi wa ruwan sallama ba. Tafki ya yi fushi, ya naɗe kansa kamar tabarma, ya shige ƙasa.

"Kakata ta yi wanka a ciki," in ji Kaka. "Da bakinta ta gaya mani."

Yaya Rabi ta kwashe da dariya. "Haba Kaka, tafki a tsakar gidan nan?"

"Ke ɗiyar nan, mi kika sani? Jiya-jiya na yanke maki cibiya."

Yanzu babu tatsuniya. Tun da ciwo ya kwantar da Kaka sunayenmu suka zube mata. Ni ke ba ta koko kafin in tafi makaranta, ni ke wanke zannuwanta in na dawo, kuma kullum sai ta tambaye ni ɗiyar wa ce ni. Maganar da ba ta taɓa ɓace mata ba ita ce wankan kakarta. In ta faɗe ta, fuskarta kan dawo.

Yaya ta sa ni na leƙa madubin da ke ƙara girman abu. Na ga ƙwayoyi kamar gero, wasu da ƙaya-ƙaya, da ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa.

"Garin fure ne," ta ce. "In laka ta rufe shi ba ya ruɓewa. Wannan na bado ne."

"Ashe an yi tafkin?"

"An yi. Amma zurfin da muka same shi, da irin itatuwan da garinsu ke tare da shi, sun nuna dubban shekaru ne. Ko ganuwa ba a gina ba. Babu kakar kowa da ta gan shi." Ta fara haɗa jakarta. "Yau zan bayyana wa Kaka komai, in ba ta haƙurin dariyar da na yi."

Na zauna a kujera, bayana na ciwo. A da na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne a riƙa yin sallama. Yanzu na ga Kaka ba don darasi take faɗarta ba. Mutum ɗaya ce ta rage mata wadda ba ta tambayar sunanta, wato kakarta, ita kuma a bakin ruwan nan take tsaye.

Ban saba yi wa Yaya gardama ba. Na kama gefen mayafinta.

"Yaya, don Allah ki ce mata an ga badon. Shekarun kuma ki bar su a nan."